Ajiyar Yaya a Ruwan Gishiri

Asabar, bayan la'asar

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kin kuma fara sabawa da sabon wurin aiki. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi har ta daina ɗaure ta. Ni ma murar nan ta sake ni, sai ɗan tari da safe.

Kada ki ji haushi don ban yi magana ba ranar da kika kira. Kin san halina. Da Umma ta miƙo min wayar tana tsaye a kaina sai bakina ya mutu, ban da "lafiya lau" ba abin da ke fitowa. Shi ya sa na ce gara in rubuto, ita takarda ba ta kallon mutum.

Tankinki na gilashi, mai kifi da murjani a ruwan gishiri, yana nan ƙalau. Kullum da na dawo daga makaranta, kafin in ajiye jaka sai na leƙa shi. Takardar da kika liƙa a bango har na haddace ta. Cokalin shayi ɗaya na garin farar ƙasar nan ta shagon kifi a jarka ɗaya ta tataccen ruwa, in motsa a hankali, in rufe, in bar shi ya kwana. Da safe sai in tarar ya rabu uku: ɓawo a sama, farar laka a ƙasa, tsakiya kuwa garau kamar hawaye. Na tsakiyar nake ja da siririn tiyon nan. Ɗigo ɗaya, in ƙirga uku, wani ɗigon, har ya cike gurbin ruwan da ya ƙafe.

Jiya Umma ta shigo ta same ni ina ƙirge. Ta ce, "Wai ita wannan kwalbar wace cuta ke damunta, kullum ana mata ƙarin ruwa kamar mai jinya?" Na ce mata murjani mai rai ne, halittar teku mai kama da tsiro, kuma da ruwan nan yake gina ƙashinsa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To ke ma ki riƙa kurɓa, ko kya yi ƙashi." Amma da za ta fita ta sake maimaita sharaɗin nan nata, kuma ba da wasa ba. Ta ce ranar da wani abu ya mutu a ciki, ranar za a kira mai shago ya kwashe komai, don ita ba za ta zauna da wari da ƙarar inji a gida ba alhali mai abin ba ta nan. Na ce ba abin da zai mutu. Wata shida ne kawai ki dawo, kuma yanzu saura biyar da sati ɗaya.

Ɗakinmu ya yi min girma, Yaya. Ban ɗora ko littafi ɗaya a gadonki ba. Idan shuɗiyar fitilar tankin ta haska bango, injin yana ta gunjinsa ƙasa-ƙasa, sai in ɗauki littafina in zauna a ƙasa in jingina da kabad ɗin. Kada ki yi dariya, na raɗa wa babban murjaninki suna. Koren nan mai kawuna da yawa da ke kaɗawa idan ruwa ya buge shi. Jarumi nake ce masa, don yana tsaye a kan dutse shi kaɗai, yana shan ƙamshi, irin mazan nan na littafi da ba sa dariya sai an kusa ƙarshe.

Wace rana ce takamaimai za ki dawo? Ina so in zana ta a kalanda.

Ƙanwarki,
Auta

*

Lahadi

Auta sarkin mafarki,

Wa alaikis salam. Na samu wasiƙarki, na ji daɗin jin ƙafar Umma ta warware. Ki ce mata ta daina hawa kujera don share saman kabad. Ni lafiyata ƙalau, sai gajiya. Daga safe har yamma ina ɗakin gwaji, kwalaben jini ba sa ƙarewa. Ɗakin da aka ba ni tagarsa bango take kallo, to ban ma damu da sayen labule ba.

Jarumi kuma! Allah ya shirye ki. Murjanin da na yi rainonsa shekara uku kin mai da shi saurayin littafi. Saura ki ce ya aiko da kayan gaisuwa.

Aikinki ya yi kyau. Ki ci gaba haka, kada ki taɓa bari farar lakar nan ta shiga tiyo, kuma kada ki yi sauri. A harkar nan duk abin da ya faru da sauri ɓarna ce.

Ga sabon aiki. Kafin in taho na kama wani ƙaramin reshen murjani a wurin mai shago, ruwan hoda, na gama magana da shi. Ki je ki karɓo. Ki sa ledar ruwan da yake ciki a tanki a ƙulle kwata ɗin awa, sannan ki riƙa ɗiga mata ruwan tanki kaɗan-kaɗan kafin ki fito da shi. Ki ajiye shi ƙasa kusa da yashi, nesa da fitila. Kuma ki bar taƙi ɗaya cur tsakaninsa da Jarumin naki, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ki buɗe hannun sosai. Kada ki rage ko kaɗan.

Motar aiki tana min oda a waje. Ki gaida Umma. Ki rage karatun soyayya, ki ƙara na lissafi.

Yayarki

*

Laraba

Yaya,

Salama da gaisuwa. Da fatan gajiya ta bi lafiya. Umma tana amsawa, ta ce kujerar ai ba taki ba ce. Ni kuma lafiya lau, tarin ma ya tafi.

Na je shagon ni kaɗai! Sau biyu na wuce ƙofar kafin in iya shiga. Tsohon yana tsaye hannun rigarsa jiƙe sharkaf har gwiwar hannu. Na miƙa masa wasiƙarki na nuna masa layin da yatsa. Ya karanta, ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "Au, ke ce ƙanwar? Ta ce min ba kya magana, na zaci sharri ne irin na yayye." Na ce, "Ina yi." Ya ce, "Masha Allah, har kalma biyu. Yau shagona ya yi albarka." Kamar in nutse.

Na rungumo ledar a ƙirji har gida, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk abin da kika ce na yi. Kai, Yaya, ki gan ta! Ba ta fi ɗan yatsana tsawo ba, rassanta uku, da ko inuwar hannu ta gifta sai ta rufe 'yan bakunanta gaba ɗaya. Mai Kunya na sa mata.

Yanzu ga abin da nake so ki karanta da sanyin zuciya. Na auna taƙin nan, na ajiye ta can ƙasa. Kwana uku ba ta buɗe ba. Tana can a kan yashi ita kaɗai, baƙuwa, ba ta san kowa ba, shi kuma yana can sama ko ya waiwayo. Ko abinci nake ci ina kallonta. Na san yadda ake ji idan an ajiye mutum a gefe an ce ya jira. Ke komai sai kin auna shi da ma'auni, ba laifinki ba ne, aikinki ke nan. Amma ni a duk littattafan da na karanta ban taɓa ganin wanda nisa ya yi wa magani ba.

Rana ta huɗu na sa hannu na ɗauko ta, na liƙa ta da gam a kan dutsen Jarumi, dab da kafaɗarsa. Washegari ta buɗe! Duk jikinta ya yi gashi-gashi kamar sabon tawul. Idan ruwa ya kaɗa kawunansa suna ɗan shafarta. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba.

Ba ki amsa min maganar ranar dawowa ba. Na san mantuwa ce saboda motar da ke jiranki.

Taki,
Auta

*

Litinin

Yaya,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Mu dai lafiya. Yau sati huɗu ke nan ban ga rubutunki ba. Mai kawo wasiƙu har ya gane ni, da ya hango ni a bakin ƙofa sai ya girgiza kai tun daga nesa, ya huta da tsayawa. Umma ta ce kun yi waya ina makaranta, wai aiki ne ya yi miki yawa. In kuma fushi kike saboda maganar taƙin nan, ki faɗa min. Gara faɗa da shirun nan.

Ina da tambaya. Gefe ɗaya na Mai Kunya, wanda ke kallon Jarumi, ya fara fari. Ba fari mai kyau ba, fari irin na ƙashi. Ya faro daga reshe ɗaya, yau ya kama na biyu. Na jingina wani ɗan dutse a gabanta don kada Umma ta gani daga ƙofa.

Na yi tunani sosai. A da murjani ɗaya ne ke shan ruwan farar ƙasar, yanzu sun zama biyu, ni kuwa ban ƙara awo ba. Shi babba ne, ƙila yana shanyewa kafin ya iso gare ta. Ina ganin yunwa ce. Zan jira amsarki har ƙarshen sati mai zuwa, in ban ji ba zan ɗan ƙara mata.

Don Allah ko layi biyu ne.

Auta

*

Auta,

Wasiƙunki biyu suna hannuna. Lafiyata ƙalau. Na yi waya da mai shago, zai zo gida ranar Asabar ta sama. Kada ki ƙara taɓa komai a tankin nan. Komai na ce. Akwai maganar da zan yi miki, amma sai na samu natsuwa.

Yaya

*

Asabar, da yamma

Yaya,

Sallama. Umma lafiya. Ni ban san ko lafiya nake ba, amma ba inda ke min ciwo.

Takardarki ta iso ranar Alhamis. Ta makara da kwana biyu. Bari in faɗa miki komai a jere, in ya so ki yi duk hukuncin da kika ga dama.

Ranar Talata na dawo na ga farin ya sauko har gindin reshe na biyu. Hankalina ya tashi. Na zuba cokali uku a jarka maimakon ɗaya. Na ce in na jira ya kwanta sai gobe, ita kuma ba ta da gobe. Na ce kuma ai ƙarfin maganin yana cikin lakar nan da muke zubarwa. Sai na girgiza jarkar kamar maganin tarin yara, na cire tiyo, na tuttula rabinta a tanki lokaci ɗaya.

Yaya, kafin in ajiye jarkar tankin ya koma madara. Ba dutse, ba Jarumi, ba komai. Sai ɗan kifin nan ruwan lemo da nake gani yana fitowa jikin gilashi yana buɗe baki, ya sake ɓacewa cikin farin. Na yaye zanin gadona na lulluɓe tankin. Na ce wa Umma hasken ne ke sa ni ciwon kai. Ta ce, "Yau kuma? Ke da har sannu da kwana kike yi masa?" Amma ba ta ɗaga ba.

Sai ga takardarki. Ba "sarkin mafarki", ba "ki gaida Umma". Na karanta ta ya fi sau ashirin, kowane karo abu ɗaya take ce min: kin gaji da ni, mai shago zai zo ya kwashe. Juma'a ban iya cin komai ba. Na goge gilashin ta waje, na naɗe wayoyin da kyau don kada ya ce ƙazamai ne mu. Na auna da ido wurin da zai rage a ɗakin in an fitar da shi. Abin da ya fi tsaya min shi ne, in babu tanki, me za ki dawo ki duba?

Yau da asuba bayan na yi salla na ɗaga zanin kafin fitila ta kama. Ruwan ya washe, amma farin gari ya rufe komai. Na haska da tocila. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Jarumi ya fito da wasu dogayen zaruruwa sirara, sun fi kawunansa tsawo nesa ba kusa ba, ya miƙa su ya ɗora a jikin Mai Kunya. Wallahi har hawaye na yi. Na ce ya san za a raba su.

Mai shago ya zo da hantsi. Na leƙa bayansa ina neman kwalaye da masu ɗauka, ban ga kowa ba, 'yar jaka ce kawai a hannunsa. Ya tsuguna gaban tankin ya daɗe. Ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ya ɗiga magani, ya kalli launin, ya kalle ni. Ya ce, "Cokali nawa?" Na ɗaga yatsu uku. "Kika girgiza?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "To ai fenti kika yi musu, 'yar nan. Saura ki shafa wa bangon ɗakin ragowar."

Na yi ta maza na gaya masa abin da na gani da asuba, na ce rungumarta yake yi. Ya cire tabarau ya goge ido don dariya. Ya ce, "Runguma? Harbinta yake yi. Irinsa da haske ya ɗauke sai ya miƙa hannu ya ƙone duk maƙwabcin da ya matso, don ya samu fili. Ba yunwa ke damunta ba, shi ne ciwonta." Ashe duk dararen nan da nake kwana da murna, abin da ake yi ke nan a gefen gadona, kuma ni na kai ta da hannuna.

Ya ciro ta. Rassa biyu sun tafi, sai ƙashi. Ya sa ɗan almakashi ya datse kan na ukun, wanda bai fi farcena ba, ya liƙa a wani ɗan dutse, ya ajiye can ɗaya kusurwar. Ya ce in riƙa canza bokiti ɗaya na ruwan gishiri kullum har kwana biyar, in buɗe taga, kuma jarka ta huta sati guda.

Muna cikin haka Umma ta tsaya a ƙofa, ta ga fararen rassan a tafin hannunsa. Ta ce, "Malam, ya mutu ko?" Ya ce, "A'a Hajiya, aski na yi masa. Ga shi can da ransa." Ta matso ta ƙura wa ɗan abin ido ta ce, "Wannan ai sai da tabarau." Ya ce, "Haka dukkanmu muka faro." Ta yi tsaki ta fita.

Ban sani ba ko zai rayu. Shi ma ya ce bai sani ba. Ki yafe min. Kuma mece ce maganar?

Auta

*

Juma'a

Autata,

Wa alaikis salam. Ina lafiya, ina fata kin koma cin abinci. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofar ɗakin gwaji, na yi dariya, na koma banɗaki na wanke fuska.

Ba abin da zan yafe. Na ce ki bar taƙi, ban gaya miki dalili ba, alhali na san ki, ko takalmi kika gani ƙafa ɗaya sai kin nemo masa ɗan'uwansa. Shi kuwa fentin, ni ma na taɓa yi, sau biyu, kina makaranta. Mai shago ya sani, ki tambaye shi. Ban aiko shi don ya kwashe ba, na aiko shi ne don ya raba su. Da na san yadda za ki karanta layukan nan da na ƙara wasu.

Shirun ba fushi ba ne. Wasiƙarki ta ranar Laraba ta iso da wuri, na gan ta, na gane rubutunki, na sa ta a aljihun jaka ban buɗe ba, don na san tambayar da ke ƙarshenta. Sai da ta ranar Litinin ta zo na buɗe su tare. Da na buɗe a kan lokaci da rassan nan biyu suna nan. Wannan nawa ne, ba naki ba.

Ga maganar. Sun nemi in zauna shekara biyu, na kuma sa hannu. Aikin yana da kyau, Auta, irinsa ba ya zuwa sau biyu. Umma ta sani tun watan jiya, ni na roƙe ta ta bari in gaya miki da kaina, sai na kasa. Takarda huɗu na yaga.

Kada ki zaci nan daɗi nake sha. Ɗakin shiru ne kamar rami. Fanka nake kunnawa ko ana sanyi, don kunnena ya saba da gunjin inji.

Tankin na bar miki. Naki ne halak malak, da Jarumi da ɗan guntun da duk abin da za ki ƙara. Na yi magana da Umma, ta janye sharaɗin. Wadda ta iya tsayawa gaban mai shago ta ɗaga yatsu uku ba ta yi ƙarya ba, ta isa ta riƙe tanki.

Ki rubuto ko zagi ne.

Yayarki

*

Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Kwana goma sha ɗaya na yi ban amsa ba, da gangan, don ki ɗanɗana. Umma ma kwana biyu na yi ina amsa mata da ka kawai, har ta ce in dai gaba zan yi in koyi yadda ake yi, don ba ta ga bambanci da kullum ba.

Na koma ɗiga ruwan farar ƙasa. Cokali ɗaya, na tsakiya kawai. Jarumi ya warware, yana ta kaɗa kawunansa kamar bai taɓa yin komai ba. Ban daina kula da shi ba, amma na daina yi masa magana.

Ɗan guntun bai mutu ba. Shekaranjiya ya buɗe bakuna biyar, na ƙirga sau uku. Naman ya fara malalowa kan gam ɗin da aka liƙa shi da shi. Na je na gaya wa mai shago da bakina. Na tambaye shi yaushe za ta koma girman da kika zaɓe ta. Ya ce in an bi ta a hankali, shekara ɗaya da rabi, ko biyu. Na ce to.

Na cire kalandar daga bango. Ba fushi ba ne, ba ta kai inda nake nema ba.

Maganar kyauta kuwa, na gode, amma ban karɓa ba. Na yi ta juya ta a raina. Wanda ya ba da abu kyauta ya gama da shi, ba ya dawowa ya duba. Ni ba haka nake so ba. Tankinki ne, ajiya kika ba ni, kuma ajiya zan ci gaba da riƙewa. Duk wata zan rubuto miki abin da ya ƙaru da abin da na ɓata, ki yi min faɗa yadda mai abu ke yi. Ranar da kika gama, ki zo ɗakin nan da ƙafarki ki karɓi abinki a hannuna.

Mai riƙe miki,
Auta